Aron Sanyi

Firijin na Mma Adisa ne. Kowa a gidan Alhaji Issaka da ke unguwar Nima ya san haka. A cikinsa take daskarar da sobolo, wato zoɓo, da lamurji tana sayarwa a bakin lungu. A jikin ƙofarsa kuma, cikin ramukan jera ƙwai, take ajiye kwalbar allurarta ta ciwon suga. Idonta ya yi rauni, don haka da hannu take gane ta: ramin farko daga hagu. Safe da yamma takan buɗe, ta laluba, ta ja maganin zuwa inda nas ta manna mata filasta a jikin sirinji, ta soka a cinya, ta mayar.

Sai ɗanta Rahim ya fara shigo da ƙananan kwalaye.

Rahim yana koyar da ɗaga ƙarfe a wani gidan motsa jiki a unguwar Kanda. A waya yake sayo kayan daga ƙetare. Kwalabe ne ƙanana, kowace da ɗan farin gari a gindinta. Feftayid yake kiransu. Akwai wanda samari ke saya don ƙirji ya buɗe, akwai wanda mata ke saya don tumbi ya sauka. Mma Adisa ba ta iya faɗin sunan ba, sai ta sa musu garin Rahim.

Daga kan tabarmarta take kallon inuwarsa idan zai haɗa su. Yakan wanke hannu har gwiwa. Ya goge teburin falo da sifirit, ya goge bakin kowace kwalba da auduga. Ya jawo ruwan haɗi a sirinji, ya sake shi a hankali ta jikin gilashin don kada ya faɗa wa garin da ƙarfi. Ba ya girgizawa. Murzawa yake yi tsakanin tafukansa, sannu sannu, yana riƙe numfashi. Sai ya ɗaga kwalbar saitin taga ya duba ko ta yi garau, ya naɗe ta da takardar gwangwani saboda haske, ya kai firiji da hannu biyu.

"Ko ranar sunanka ba a ɗauke ka haka ba," in ji Mma Adisa.

"Mma, abin nan ba ya son zafi, ba ya son jijjiga."

"Ni ma ba na so."

Bai yi dariya ba.

Sobolo ne ya fara fita, wai yana ɗiga a kan kwalaye. Lamurji ya biyo, wai warin citta yana kama kaya. Sana'ar bakin lungu ta mutu ba tare da kowa ya ce an kashe ta ba. Wata rana Rahim ya ga ramukan ƙwai sun dace da kwalaben da ya riga ya haɗa. Ya ture kwalbar uwarsa zuwa can ƙarshe, ya jera nasa tun daga ramin farko. Bai gaya mata ba.

Da safe ta laluba ramin farko, ta ja, ta soka.

Kafin azahar tana durƙushe a bakin gota, magudanar ruwan datti, tana amai. Ta amayar da koko, ta amayar da ruwa, ta ci gaba da yunƙuri babu abin fitarwa. Sahada, matar Rahim, ta tsaya daga nesa da tsintsiya a hannu. Da Rahim ya dawo, firiji ya fara buɗewa. Ya ɗaga kwalbar ramin farko, ya ga ta ragu.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ce," in ji Mma Adisa daga tsakar gida. "Na ɗauka tawa ce."

"Kin soka mata tsohuwar allurarki? Shi ke nan, kin lalata ta. Matar da ta yi odar nan gobe za ta aiko."

"Mene ne na zuba a jikina?"

Rahim ya ci gaba da duba kwalbar. Ta juya wajen surukarta. "Sahada, ke kin yi makaranta. Karanta min abin da ke jikin kwalin."

Sahada ta ɗauki kwali, ta kanne ido. "An ce don bincike ne kawai. Ba don jikin mutum ba."

"Haka ake rubutawa saboda 'yan kwastan," in ji Rahim, ya fizge kwalin. "Kowa ya sani."

Washegari ya kawo kafinta. Aka huda gefen firijin, aka ɗaura ƙarfe, aka maƙala kwaɗo. Makullin ya shiga sarƙar wuyan Rahim.

"Allurata fa?"

"Don lafiyarki na yi, Mma. Kin ga abin da ya faru jiya. In kayanki da nawa suna wuri ɗaya, wata rana kashe kanki za ki yi a ce ni ne."

"To ka ba ni gefe guda. Wurin babban yatsa kawai take ci."

"Ba wurin ba ne. Buɗewar ce. Duk buɗewa sanyi fita yake yi." Ya nuna mata wani ɗan ma'aunin sanyi da ya rataya a ciki, kamar tana iya ganin lambobinsa. Ya rufe, ya danna kwaɗo.

Sahada ce ta samo mafita. Ta zuba kwalbar da ake amfani da ita da sauran da aka karɓo daga asibiti cikin kofin roba, ta ɗora a saman firijin, can baya kusa da bango.

"Ga shi nan, Mma. Ai kusa da sanyi ne."

Mma Adisa ta san saman firijinta. Nan ne take ɗora ƙullun masa idan tana so ya tashi da wuri, saboda ɗumin wurin. Ta faɗa wa Sahada haka. Sahada ta ce ita dai ta yi iya ƙoƙarinta, in ba a gode ba kada a zage ta. Tsohuwar ta sauke kofin, ta kai ɗakinta, ta naɗe kwalaben da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗakin rufin kwano ne babu silin. Kafin rana ta take, tsumman ya bushe ƙarau. Ta sake jiƙawa. In barci ya ɗauke ta, ta farka ta tarar da shi da ɗumi kamar an sauke daga tukunya.

Sai sirinji. Irin nata Rahim yake so, siraran nan masu ƙananan layuka, wai su ne ke ba da awo daidai. Duk wanda ya sayi kwalba sai ya haɗa masa da sabbi a leda, kyauta, don ciniki ya yi daɗi. Ranar da nasa suka ƙare ya shiga ɗakinta ya kwashe kwalin da asibiti ya ba ta. Ya bar mata guda, mai filasta.

"Zan sayo miki," ya ce.

Bai sayo ba. Allurar ta dakushe. Sai ta danna da ƙarfi kafin fata ta yarda, wani lokaci ta lanƙwashe ta miƙar da ita da haƙori. Cinyoyinta suka yi ƙulu-ƙulu, baƙi-baƙi. Da ta nuna wa Sahada, sai Sahada ta ce, "Ai fatar tsufa ce, Mma. Ko sabuwa ce haka za ta yi."

Maganin ya fara canja kama. Da, in ta murza kwalbar, sai ya haɗe kamar madara. Yanzu gudaji-gudaji ne ke manne a jikin gilashin, har ita mai raunin ido tana ganinsu. Ta ci gaba da sokawa, domin shi take da shi.

Ƙishirwa ta zo. Takan shanye moɗa ta cika wata, harshenta yana nan kamar ɓawon itace. Fitsari ya hana ta zama. Zanenta ya fara zamewa daga ƙugu sai ta ƙara ɗauri. In ta fito daga makewayi, kafin a jima kiyashi sun yi layi a wurin.

"Mma, don Allah ki riƙa kora ruwa da kyau," in ji Sahada. "Kwastomomin Rahim suna shiga nan. Jiya wata 'yar gayu ta leƙa ta fasa."

Wata safiya ta ƙulle kwalaben a bakin zane, ta dafa bango, ta bi lungu har shagon Abiba mai sayar da kifi da kaji masu ƙanƙara. Abiba ba ta yi tambaya da yawa ba. Ta sa kofin a ƙaramin firijin da take ajiye ruwan sha, ta ce ta zo duk lokacin da take so. Amma Abiba tana da baki, shagonta kuma nan matan unguwa suke tsayawa. Kafin sallar Juma'a maganar ta isa masallaci.

Alhaji Issaka, yayan Mma Adisa kuma mai gidan, ya kira ta zaure. Rahim yana tsaye a bayansa, kofin robar a hannu. Ya riga ya je ya karɓo.

"Adisa, me muka yi miki?"

"Yaya Alhaji, magani ne. Sanyi yake so."

"A gaban liman aka tambaye ni wai ko firijin gidana ya lalace a yi min karo-karo. Ni. Kin kai mu gaban mai kifi."

"To a buɗe min nawa."

"Naki?" Ya gyara zama. "Wutar da yake sha wa ke saya? Tun da yaron nan ya kama sana'ar nan mita ba ta ƙara yin kukan ƙarewar kuɗi a gidan nan ba. Samarin unguwa nawa ne suke zaune a bakin gota suna shan abin da suke sha? Naki ya samu abin yi, ke ce za ki tona shi. In mutane suka fara tambayar me ke cikin firijin, gobe hukuma ce a ƙofata."

"Kawu, na gaya mata," in ji Rahim. "Nata na asibiti ne, an yi shi don ƙasar zafi. Nawa daga ƙasar sanyi ya zo, bai saba ba."

"Kin ji. Shi ya yi karatun abin." Alhaji ya ɗauki carbinsa. "Ciwo da lafiya na Allah ne. Iyayenmu sun yi suga, ganyen darbejiya suka sha, wa ya san firiji? Kada in ƙara jin kin fita da kofin nan."

Da aka shiga kwanakin ɗauke wuta, Rahim ya daina zuwa Kanda da rana. Yakan zauna gaban firijin kamar mai jinya. Ya lulluɓe shi da bargo, ya aika a sayo ƙanƙara daga unguwar Maamobi, ya buɗe da sauri ya cusa ya rufe. Wata rana wani guntu ya faɗi ƙasa. Mma Adisa ta miƙa hannu.

"Ba ni wannan in sa a kofina."

Ya ɗauka, ya ɗauraye, ya buɗe firiji ya jefa. "Mma, ba ki san abin da ke cikin nan ba."

"Na sani. Sahada ta karanta min. Wanda ba na mutum ba."

"Kin fara ke nan."

Murfin kwalaben nan na ƙarfe ne mai laushi, in an ɓalle shi yakan bar baki mai kaifi. Rahim yana kula da abin da ke cikin kwalba, ba ya kula da inda murfi ya faɗa. Mma Adisa ta taka ɗaya a ƙofar falo. Ba ta ji ba. Tafin ƙafarta ya daɗe da daina jin komai. Ta yi ta yawo da shi har Sahada ta ga sawun jini a siminti.

"Yanzun nan na goge wurin nan. Wa ya yanka kaza?"

Suka bi sawun har tabarma. Sahada ta cire ƙarfen da tsinken tsintsiya, ta kawo tsumma. Mma Adisa ta ce a ɗan sa mata sifirit ɗin Rahim. Aka ce yana cikin akwatinsa a kulle.

Ciwon bai rufe ba. Ya yi fari a baki, ya yi ruwa, ya faɗaɗa. Ƙafar ta kumbura har silifa ya ƙi shiga. Ta ce a kai ta asibiti. Rahim ya ce kaya suna hanya, in ya karɓa zai kai ta. Da ya karɓa, ya ce sai ya haɗa. Da ya haɗa, ya ce sai ya raba wa masu shi, domin abin da aka haɗa ba ya jira. Alhaji ya aiko da rubutu a kwano da kwalbar zuma a shafa. Yatsu biyu suka yi baƙi.

Warin ne ya sa aka motsa. Ya fito daga ɗakinta, ya ratsa tsakar gida, ya shiga falo inda Rahim yake ɗaukar bidiyon jerin kwalabensa don masu saye. Wata mata da ta zo karɓar kaya ta toshe hanci da mayafi ta tambaya ko ɓera ne ya mutu. A ranar aka kira tasi.

A asibiti wata nas ta kwance tsumman, ta duba ƙafar. Sannan ta ce a nuna mata maganin da tsohuwar take sokawa. Mma Adisa ta kwance bakin zane. Nas ta ɗaga kwalbar, ta juya ta, ta kalli gudajin.

"Wannan ya mutu tuntuni. Ruwa kawai kike zuba wa jikinki. Ba ku da firiji a gida?"

"Muna da shi," in ji Rahim.

"To me ya faru?"

"Dumso ne, madam, ɗauke wuta. Kin san halin wutar ƙasar nan. Kuma tsofaffi ba sa jin magana."

Nas ta kalli Mma Adisa. Mma Adisa ta kalli sarƙar wuyan ɗanta. Makullin yana nan kwance a tsakiyar ƙirjin da ya buɗe sosai. Ba ta ƙaryata shi ba, domin gidan da za ta koma ke nan.

An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ranar da aka sallame ta, nas ta ba ta sababbin kwalabe da sirinji, ta riƙe hannun Rahim ta ce, "A firiji. Ba a sama ba, ba a gefe ba, a ciki." Ya ce in sha Allahu. A cikin tasi ya ce wa uwarsa zai sayo mata ɗan ƙaramin firiji nata na kanta, da zarar kaya na gaba sun fita. Ta sa kwalaben a bakin zane ta ƙulle.

Labari ya zaga cewa ƙanwar Alhaji Issaka ta dawo da ƙafa ɗaya. Alhaji ya san za a zo dubiya. Ya kira Rahim.

"Mutane za su cika gidan nan. Kada a ba baƙina abu mai zafi, a fita da mu a baki."

"To, Kawu."

Mma Adisa tana kwance a falo, inda aka shimfiɗa mata katifa don masu zuwa. Ta ji ƙarar kwaɗo. Ta ga hasken firijin ya faɗo a siminti. Rahim ya tattara kwalayensa, ya jera su tsaf a hawa na sama, sai ga hawa biyu fayau babu komai. Sahada tana miƙo masa kwalaben lemo yana jerawa. Suka cika hawa biyun, suka cusa ledojin ruwa a ƙasa, suka jera wasu a jikin ƙofa. Duk yinin nan an buɗe firijin an rufe, an buɗe an rufe, ba wanda ya yi maganar sanyi yana fita.

Bayan la'asar falo ya cika. Matan unguwa, matan masallaci, Abiba mai kifi a gefe. Alhaji yana bakin ƙofa yana amsa gaisuwa.

"Jarrabawa ce. Mun yi iya yinmu. Yaron nan bai runtsa ba."

"Allah ya yi masa albarka," in ji matan. "Samun ɗa irin wannan sai an tona."

Sahada ta zaga da faranti. Da ta zo kan surukarta za ta wuce, Mma Adisa ta miƙa hannu ta ɗauki kwalba ɗaya.

"Mma, lemo ne. Likita ya hana ki."

"Na sani."

Ba ta buɗe ba. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da kwalaben allurar, ta manna su a jikin kwalbar lemon da ke zufar sanyi. Ta cire mayafinta ta naɗe su tare, ta ɗaure tam, ta rungume a ƙirji. Hira ta tsaya.

"Mma Adisa, me kike yi haka?" in ji wata.

"Aron sanyi nake yi. Na baƙi ne. In ya huce zan mayar."

"Ba ga firiji can ba?"

"Ga shi can. Nawa ne ma. Amma abin da ke ciki ba na mutum ba ne, shi ya sa ake lallaɓa shi. Ku sha lemonku kafin ya yi zafi."

Alhaji ya yi 'yar dariya daga bakin ƙofa. "Maganin barcin asibiti bai gama sakinta ba. Ku yi haƙuri da ita."

Matan suka sunkuyar da kai. Wata ta ce Allah ya ƙara sauƙi, sauran suka ce amin. Abiba ta buɗe baki, ta dubi Alhaji, ta rufe. Kowa ya shanye lemonsa. Babu wanda ya bar ko kurɓi.

Haka ake yi a gidajenmu. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya zage ta a gaban mutane, kuma duk wanda ka tambaya yana da dalilinsa a shirye. Wurin babban yatsa ta roƙa, aka ce babu. Da aka zo maganar abin da baƙi za su faɗa, sai ga hawa biyu.

Kafin magariba falo ya watse. Sahada ta tattara kwalaben da aka shanye. Rahim ya sauko da kwalayensa, ya baza su yadda suke a da, ya duba ma'aunin sanyi, ya tsuke baki don ya ɗan hau. Ya rufe ƙofar. Kwaɗo ya yi ƙara.

Mma Adisa ta sa hannu cikin mayafin. Kwalbar lemon ta daina zufa. Ta juya ta, ta nemi gefen da ya fi sanyi, ta matsar da kwalaben allurar can.

"Sahada."

"Na'am, Mma."

"Gobe su wa suka ce za su zo dubiya?"